Sauya Waya Ƙaura Ce: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwar Madarunfa

Wani sabon yayi ya shigo mana a 'yan shekarun nan, wanda duk mai zirga-zirga tsakanin Madarunfa da Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya ba zai kasa lura da shi ba. Yayin kuwa shi ne na barin wayoyin da muka saba da su, irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung, a koma iPhone. Da zarar ɗan kasuwa ya ci ribar kaka, ko wata hajiya ta yi kwasar adashi, sai ka ji yara a gida da abokai a majalisa sun fara zuga, wai ai girman Alhaji ya wuce a ce yana zaro Tecno daga aljihu a gaban mutane, ita kuma Hajiya a ce mata duk ƙawayenta na wurin biki sun sauya, saura ita. Ni dai ra'ayina, wanda zan faɗa tun daga farko don kada in wahalar da mai karatu, shi ne mafi yawan 'yan kasuwarmu maza da mata ba su da buƙatar wannan sauyi, kuma wanda ya ga lallai sai ya yi, to ya sani cewa ƙaura zai yi da dukiyarsa, ita kuwa ƙaura ba a yin ta da ka.

Bari mu fara da abin da masu sayar da waya ba su cika yi wa mutane bayaninsa ba. Kowace babbar waya tana da manhajar da ke tafiyar da ita, kamar yadda inji ke tafiyar da mota, kuma a yau gidaje biyu ne suka mamaye duniya. Akwai Android ta kamfanin Google, wadda wayarta ta farko ta fito a shekarar 2008, akwai kuma iOS ta kamfanin Apple, wadda ke cikin iPhone tun da Steve Jobs ya fito da ita a 2007. Duka kamfanonin biyu na Amurka ne. Tecno da Itel da Infinix kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, wato kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma su da Samsung ta Koriya ta Kudu da Redmi duk Android ce a cikinsu. Saboda haka wanda ya bar Itel ya koma Samsung tamkar ya tashi ne daga wani ɗaki ya koma wani a cikin gida guda. Amma wanda ya koma iPhone ya tashi ne zuwa wani gari dabam, mai sarkinsa dabam, da kasuwarsa dabam, da rumbun ajiyarsa dabam.

To me za a ɗauka a wannan ƙaura? A nan ne maganar take. Shekaru 20 da suka wuce waya abar kira ce kawai, a gaisa, a tambayi farashi, a kashe kafin kuɗi su ƙare. Yau kuwa wayar ɗan kasuwa ita ce littafin bashinsa. Mai sayar da atamfa da leshi bashi a cikin gida, wadda ake biyanta kaɗan-kaɗan duk mako, ina lissafinta yake? Yana cikin saƙonnin murya na WhatsApp. Can ne za ka ji wata tana cewa, “Hajiya, ki yi haƙuri, saura jika shida, in an ci kasuwar Litinin zan aiko.” Wannan muryar ita ce shaida, domin babu takarda, babu sa hannu. Dillalin aya ko wake da ke tura kaya Kano, hotunan rasiɗan Nita da Amana da ake turo masa duk suna cikin waya. Mai sarin zogale a Jiratawa, lambobin direbobi da na matan da take aika wa suna ciki. Haka ɗan canji, haka mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da yawa daga cikinmu ba mu yi boko mai nisa ba, saƙon murya ne ya zame mana alƙalami, kuma ba abin kunya ba ne, sai dai ya kamata mu san a ina wannan rubutu namu yake kwana.

Ga inda yake kwana. A wayar Android, WhatsApp yana ajiye kwafin hirarrakinka ne a rumbun Google, wanda ke ɗaure da adireshin imel ɗinka. A iPhone kuma yana ajiyewa a rumbun Apple da ake kira iCloud. Rumbunan nan biyu ba sa buɗe wa juna ƙofa. Wato idan ka zare layinka daga Tecno ka sa a iPhone, ka sauko da WhatsApp ka yi rajista da lambarka, za ka ga sunanka da hotonka da ƙungiyoyin da kake ciki sun dawo, har ka yi murna, amma tsofaffin hirarraki da muryoyi da hotunan rasiɗai babu ko ɗaya, fayau kamar an share tsakar gida. Gaskiya ne cewa tun 2022 an buɗe hanyar kwashe su ta wata manhaja mai suna Move to iOS, sai dai hanyar tana da sharuɗɗa. Dole wayoyin biyu su kasance tare a wuri ɗaya da isasshen caji, dole lambar ta zama ɗaya, kuma dole iPhone ɗin ta kasance sabuwa fil ko an goge ta tas kafin a fara. Yanzu ku duba yadda muke sayen waya a nan. Mafi yawanci musanye ake yi, ka ba da tsohuwa ka cika kuɗi, a tsaye a bakin shago, mai shago na sauri kai ma motarka na shirin tashi. Kafin ka isa gida an goge tsohuwar an saka ta a gilashi ana neman mai saye.

Alal misali, a ce mace tana bin mutum 30 bashin kaya, kowacce da ragowar abin da ya rage mata. Ranar da hirarrakin nan suka tafi, masu tsoron Allah za su biya yadda yake. Amma ai mun san halin bashi, ko ɗan'uwanka ne in ya ji littafi ya ɓata sai lissafinsa ya fara raguwa. Wadda ake bi jika goma za ta rantse bakwai ne, kuma ba lallai ƙarya take nufi ba, mantuwa ce da son rai suka haɗu. Daga nan sai rigima, sai a ɓata zumuncin shekaru, wani lokaci har gaban mai unguwa. Ga duk wadda wannan ya riga ya faru da ita, akwai sauran dabara: idan tsohuwar wayar tana yin ajiya a rumbun Google, to a samu wata Android, ko ta aro ce, a sa layin da imel ɗin nan na da, a sake rajistar WhatsApp, sau da yawa hirarrakin za su dawo. Amma kada a yi jinkiri, domin ajiyar da aka yi watanni ba a waiwaye ta ba ana iya goge ta.

Sai maganar layi, wadda ta fi shafar mu mutanen bakin iyaka fiye da na Yamai ko Abuja. Ɗan kasuwar Madarunfa ƙafarsa ɗaya na Nijar ɗaya na Najeriya, aljihun dama sefa na hagu naira, don haka da wuya ka same shi da layi ɗaya. Akwai na gida, Airtel ko Moov ko Zamani, wanda da can muka sani da Orange kafin a sayar da shi a 2019, sannan akwai MTN ko wani layin Najeriya saboda abokan ciniki na Jibiya da Katsina da Kano. Wanda ya manta amfanin layi biyu ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar 'yan bindiga, aka yi watanni ana neman mutane ba a samu. Ya kuma tuna farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ciniki ya koma ta OPay da Moniepoint da tura kuɗi ta banki, waɗanda duk sai da lambar Najeriya mai rai suke aiki. Abin da ya ɗaukaka Tecno a ƙasashenmu tun farko ke nan, ta zo da gurbin layi biyu a lokacin da manyan kamfanoni ke ganin ɗaya ya isa.

Ita kuwa iPhone, yawancin waɗanda ke shigowa kasuwanninmu gurbin layi ɗaya gare su. Na biyun wani layi ne da ba a gani da ido, ana ce masa eSIM, sai kamfanin sadarwa ya saka maka shi a ofishinsa, idan yana bayarwa. Masu gurbi biyu na zahiri su ne waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin da Hongkong, kuma masu shago sun san da haka, shi ya sa suke ƙara musu kuɗi. Mafi muni, tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, duk wadda aka ƙera don kasuwar Amurka ba ta da gurbin layi ko ɗaya. Ƙarshenta sai ka ga Alhaji ya sayi waya mai tsada, amma ga 'yar ƙaramar Itel mai tocila a ɗaya aljihun tana riƙe masa da layi na biyu. Idan aka kira shi kan cinikin buhu 50, ita ƙaramar ce ke ƙara.

Wani abin lura a nan: duk lokacin da ka sauya waya, WhatsApp zai turo lambobi shida ta saƙo zuwa ga layin da ka yi rajista da shi. Idan layin na Najeriya ne kuma kana inda rezo ɗinsa ba ya kaiwa, ko yana cikin waɗanda aka rufe saboda rashin haɗa su da lambar NIN, dokar da aka fara tun ƙarshen 2020 aka tsananta ta a 2024, to ka tsaya ke nan. Lambar da duk abokan cinikinka suka san ka da ita ta kuɓuce maka. Saboda haka kafin a taɓa komai, a fara tabbatar da cewa layin yana karɓar saƙo.

Wuta ma abar dubawa ce. Lantarkin yankin Maraɗi daga Katsina ake jawo mafi yawansa, kuma mun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta, ba a ɗage takunkumin ba sai a 2024. Ko a lokacin da ake zaman lafiya, mutumin Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma ya san darajar batirin da zai kwana biyu. Wayoyin Transsion da manyan batura suke zuwa, kuma cajarsu tana wurin kowane mai caji a kowace tasha. Tsohuwar iPhone kuwa, wadda wani ya riga ya sha romon batirinta shekara uku ko huɗu a Landan ko Dubai, kafin la'asar ta fara haki, ga shi bakin cajarta dabam ne. Sai daga iPhone 15 ta 2023 ne Apple ya koma irin bakin da sauran wayoyi ke amfani da shi, bayan da Tarayyar Turai ta kafa doka a kan haka, kuma ba irin waɗannan sababbin ne kuɗin yawancinmu ke kaiwa gare su ba.

Ƙananan abubuwa kuma suna da yawa, ba sai na tsaya a kansu ba. iPhone ba ta da gurbin memori, don haka tafsirin azumi da karatun Alƙur'ani da fina-finan Kano da aka tura miki a memori wurin masu turi, babu inda za ki sa su. Ba ta karɓar hoto ko waƙa daga Android ta Bluetooth. Ba ta da rediyon da ke kama tasha kai tsaye, in kina son jin Anfani kina tsare da rumfa sai dai ki nemo akwatin rediyo ko ki ƙona data.

Babban ramin da mutane ke faɗawa shi ne na wayoyin hannu, waɗanda ake sarowa daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da makamantanta. Tun 2013 Apple ya sa wa wayoyinsa wani makulli, ta yadda idan mai ita na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ranar da aka goge ta za ta nemi lambar sirrinsa, in babu ta zama dutse. Wannan makulli an yi shi ne don maganin ɓarayi, kuma yana aiki, shi ya sa duk iPhone ɗin da aka yi maka arahar da ta wuce hankali ya kamata ka tambayi kanka daga ina ta fito, kada wata rana a biyo sawu har rumfarka. Sannan akwai tsufa. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da 6 da 6 Plus, alhali har yanzu akan gan su a gilashin wasu shaguna suna ƙyalli. Wanda ya saya don tuffar da ke bayanta, ya sayi kitsen rogo. Masu dogon tunani za su tuna yadda aka yi yayin BlackBerry, har ana tambayar mutum lambar PIN ɗinsa don a san ko ya waye. Ina take yau? A watan Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa gaba ɗaya. Nokia ma da muke rantsuwa da ƙarfinta ta rungumi manhajar Windows, ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014, daga bisani manhajar ta mutu ta bar masu ita da kwalaye a hannu.

Kada a ce na yi son kai, iPhone tana da nata alherin. Tana daɗewa ana sabunta mata manhaja, domin iPhone 6s da ta fito a 2015 ta ci gaba da samun sabuwar manhaja har 2021, abin da ƙananan wayoyin Android ba sa ko mafarkinsa. Ba ta faɗuwa a farashi da wuri in za a sayar, hotonta na da kyau, kuma ba ta cika damun mutum da tallace-tallacen da ke faɗowa kan fuskar waya ba gaira ba dalili. Su ma wayoyin araha suna da nasu tabon: wurin ajiya ya cika da wuri, waya ta riƙa sanƙarewa ana tsakiyar tura kuɗi, kuma a 2020 masu bincike sun gano wata muguwar manhaja a cikin dubban Tecno W2 da aka sayar a Afirka, wadda ke cinye wa mutane data a ɓoye, kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ne matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Saboda haka matashiyar da sana'arta ta dogara ga ɗaukar hoton lalle ko ɗinki ko kayan ɗaki tana tallatawa a intanet, ko babban ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai da Sin yana da yaran da ke riƙe masa littafi, waɗannan in sun sayi iPhone suna da hujja. Amma mai awo da tiya, wanda jarinsa ke juyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, ya zauna ya lissafa buhun aya nawa kuɗin wayar nan za su saya masa da kaka, da abin da buhunan za su zama in bazara ta yi. In ya fasa gilashinta kuma, ya tambayi mai gyara a Maraɗi kuɗin na iPhone da na Tecno, ya ji bambanci.

Akwai wata magana da ta fi duk waɗannan muhimmanci, kuma ta shafi kowa, ko mai sauyawa ko mai zama inda yake. Jama'a, mutum nawa ne a cikinmu suka san adireshin imel ɗin da ke cikin wayarsu da lambar sirrinsa? Abin da aka saba shi ne, ranar da aka sayi waya sai a miƙa wa yaron shago a ce ya buɗe mata komai da komai. Shi zai ƙirƙiro imel, shi zai sa lambar sirrin da ya ga dama, wani ma nasa zai saka don ya huta. Mai waya ya karɓa ya yi godiya ya tafi, bai san ya bar makullin rumbunsa a hannun yaron da watakila baɗi ya tafi Agadas ko Libiya ba. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka zare ta a cunkoson kasuwar Juma'a, sai a zo ana neman lambobin mutane, a ce ina imel, a yi shiru. Ita ma Android tana da irin makullin can na Apple tun 2015, in an yi mata filashin sai ta nemi imel ɗin da ke kanta a da, kuma mutane da yawa sun rasa wayoyinsu na halak ta wannan hanya.

Abin ya fi tsanani ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu masu sana'a a cikin gida, domin su galibi aike suke yi. A ba yaro waya ya kai gyara ko musanye, da hotunan iyali a ciki, da muryoyin sirri, da manhajar kuɗi a buɗe. Hajiya, ki sa ɗanki ko 'yarki da kika amince wa su zauna kusa da ke a buɗe imel ɗin a gabanki, da lambar wayarki ke kanki, a rubuta shi da lambar sirrin a takarda, ko da ajami ne, ki adana inda kike adana takardar fili da 'yan kunnenki na zinariya. A sa lambobin mutane su riƙa sauka a kan imel ɗin maimakon kan waya, ta haka ko wace iri kika koma za su biyo ki. A kunna ajiyar WhatsApp, a kuma sa masa lambar sirri ta biyu mai lamba shida, wadda ko wani ya sami layinki ba zai shiga ba sai da ita. Kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobin da suka shigo miki ta saƙo, ko ya ce daga kamfani yake, ɓarawo ne.

Wanda kuma ya karanta duk wannan ya ce shi dai sai iPhone, to kuɗinsa ne, babu mai hana shi. Abin da nake roƙonsa shi ne kada ya yi musanye. Ya saya da kuɗi, ya sa mai shago ya goge ta a gabansa ta tashi ba ta nemi asusun kowa ba, ya gwada layinsa a ciki ya ga ya kama, ya karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan shago da lambar jikin wayar. Tsohuwar kuwa ya riƙe ta a gida aƙalla kasuwa huɗu, har sai ya bi sunayen masu bashi ɗaya bayan ɗaya ya ga kowa da muryarsa sun iso sabon gida, ya kuma kwafe manyan basussukan a littafi na takarda. Bayan nan ne zai cire imel ɗinsa daga tsohuwar, ya zare memori, ya goge ta da hannunsa, sannan ya kai ta kasuwa ko ya ba uwargida.